Na'urar da Ba Ta San Fuskar Kowa Ba

Litinin, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ya ci abinci. Ba da yawa ba, amma ya ci, har ya ce miyar ta yi gishiri. Wannan ƙorafi ya fi mini daɗi a kan duk wani yabo da mijina Malam Ajimi ya taɓa yi mini, domin tun da ya dawo gida, ko ruwan wanki na zuba masa a kwano ba zai ce uffan ba.

Madam Margaret ta sake zuwa. Ita ce shugabar makarantar sakandaren da yake koyar da lissafi a unguwar Bolori kafin abin ya faru, aka tafi da shi. Shekara biyu da wani abu tana riƙe masa gurbinsa, tana yi wa na sama da ita hanya-hanya, amma yau ta fito mana fili: in aka buɗe makaranta ranar ashirin ga Satumba bai shiga aji ba, za a turo wani, ita kuma ba ta da sauran bakin magana. Ya saurare ta kansa a sunkuye. Da ta gama ya ce ba zai tsaya gaban 'ya'yan mutane da lalataccen kai ba. Ta ce kansa lafiya lau. Ya yi murmushin nan da na tsana, ya ce kowa haka yake gaya masa.

Wuta dai har yanzu babu.

Laraba, 18 ga Agusta, da hantsi, a wurin aiki

Elnathan, mai kula da kwamfutocinmu, ya tafi neman man janareta, aiki ya tsaya. Tunda an hana mu maganar aikin nan a waje, bari in yi ta a nan ko cikina ya sarara.

Dakta Phebe, shugabarmu, ta ƙera jarrabawar lissafi don malaman da rikici ya raba da ajinsu, waɗansu shekara da shekaru, waɗansu ma takardunsu sun ƙone. Jarrabawar takarda tana cin rabin yini, kowa da tambayoyi iri ɗaya. Tata ba haka ba ce. Kwamfuta za ta fara ba ka tambaya matsakaiciya. Ka ci, ta ba ka wadda ta fi ta wuya. Ka faɗi, ta sassauta. Haka za ta yi ta hawa da sauka da kai, kamar yadda surukata Ya Gana take gyara miya, ta ƙara wannan ta rage wancan, har ta gano daidai inda ƙarfinka ya tsaya. Tambaya ashirin ko kusa da haka ta ishe ta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, gwani da ɗan koyo duk kusan rabin tambayoyinsu suke faɗuwa. Bambancin yana ga nauyin abin da ya kayar da su.

Binciken da muke yi yanzu shi ne ko gaya wa mutum wannan tun farko yana canza wani abu. Ɗakin hagu ana yi musu bayani kafin su fara. Ɗakin dama ba a gaya musu komai, sai an kammala binciken duka. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'ar wanda zai shiga ina. In mutum ya gama, sai mu tambaye shi yadda ya ji a ransa. Shi ya sa aka ɗaure mana baki, har hannu muka sa.

Ita Dakta kuwa, ban san yadda zan kwatanta ta ba. Gajeriya ce, furfurarta a waje, gwiwa na damun ta, jakarta ba ta rabuwa da soyayyar gyaɗa. 'Yar kudancin Borno ce, kuma ta samu wurin zama a ƙasar waje ta baro shi ta dawo nan inda ko cajin waya sai an yi layi. Kowace tambaya da ke rumbun tambayoyin na'urar ta san ta kamar 'yar cikinta. Bara ta lura wata tambaya mai sauƙi tana kayar da ƙwararrun malamai. Ta bi diddigi, ta ga tambayar tana magana ne a kan mota da ta taso daga Bama zuwa Maiduguri, masu faɗuwar kuma mutanen can ne. Ba lissafin ne ya gagare su ba, hanyar ce. Ranar ta cire ta, ba ta yi wa kowa lacca ba. In na girma ina so in zama ita, ko da yake na riga na girma.

Juma'a, 20 ga Agusta, bayan an sauko

Bakina ne ya jawo. Ya Gana ta tambaye ni me muke yi da malamai a gaban akwatunan nan, na ce ba komai, na'ura ce take auna ilimin mutum ba tare da ta san fuskarsa ko labarinsa ba. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ashe Malam yana ji daga ɗaki.

Da na shiga kai masa shayi ya ce, “Saude, na'urar nan ta san ni?”

Na ce ba ta san kowa ba.

“To ita nake so ta gwada ni. Ku duka tausayina kuke ji. In ita ta ce kaina yana nan, zan koma aji.”

Rabon da ya haɗa magana mai tsawon wannan har na manta. Na fita tsakar gida na rasa abin yi, na hau wanke tukunyar da na riga na wanke.

Litinin, 23 ga Agusta, da azahar

Na gaya wa Dakta. Ban ɓoye mata cewa mijina ba ne, da ɗan abin da ake iya faɗa game da inda ya kwana biyu. Ba ta tambayi sauran ba. A garin nan mun iya rashin tambaya.

Ta ce malamin lissafi ne da ya daɗe ba ya aji, saboda haka ya cancanta kamar kowa. Amma ranar ba zan shiga ɗaki ba, ba zan ga sakamakonsa ba, ba kuma zan buɗe masa baki a kan yadda na'urar take aiki ba. Ta kalle ni ta saman gilashinta har sai da na ce na ji. Sannan ta miƙo mini gyaɗa.

Alhamis, 26 ga Agusta, da safe

Yau ce jarrabawarsa. Ya yi wanka da kansa ba a ce masa ba. Ya sa hula. Ya Allah.

Alhamis ɗin dai, gab da magariba

Ɗakin dama.

Ina zaune a baranda na ga Elnathan ya duba kwamfuta ya nuna masa ƙofar dama. Na ce a raina mutum nawa suka shiga can suka fito lafiya.

Ya daɗe. Waɗanda suka shiga tare da shi duk sun fito. Wani dattijo mai fara'a, Malam Gambo, da ya zauna kusa da shi, ya fito yana dariya yana cewa wannan ai shan ruwa ne, da ya san haka take da ya zo da jikansa ya yi masa. Malam ya fito daga baya, a daidai lokacin da dattijon yake maimaita maganarsa ga masu jira. Na ga ya ji.

Muka hau Keke Napep zuwa unguwarmu, Abbaganaram. A ƙofar gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, rabi ya faɗi, kuma waɗansu tambayoyin ko gane inda suka dosa bai yi ba. Ya ce yanzu ya samu amsa daga wanda ba ya jin kunyarsa. Ya cire hular ya ba ni, kamar ni na ara masa.

Asabar, 28 ga Agusta, da hantsi

Bai ci ba.

Lahadi, 29 ga Agusta, bayan la'asar

Bai ci ba. Ya juya fuskarsa bango kamar makonnin farko.

Maganar tana nan a bakina, na ji ta har a haƙorana: Malam, in tambayoyin sun yi maka wuya, hawa ta yi da kai. Jumla ɗaya. Na buɗe baki ya fi sau nawa.

Ba hannun da na sa ne kawai ya hana ni ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Tsoro nake ji. Wanda kansa ya taɓu da gaske, shi ma rabi zai faɗi, shi ma zai ce sun yi wuya, alhali na'urar saukowa take yi da shi har zuwa lissafin 'yan firamare. Daga waje ba ka bambance su. Na san mutumin da na aura, wanda yake raba lamba a ka kafin in lalubo biro. Wanda aka dawo mini da shi ne ban gama sani ba. Jiya ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu ya manta inda za shi. In na ce masa ya ci, daga baya ta fito ba haka ba, na gama da shi, kuma ba zai ƙara yarda da ko gaisuwata ba.

Na lallaɓa na ce ya gaya mini ko tambaya ɗaya da ya tuna. Daga ita zan gane sama ta yi da shi ko ƙasa. Ya ce in bar shi don Allah.

Litinin, 30 ga Agusta, da azahar

Na shiga ofishin Dakta ban ko yi sallama ba. Na ce ta buɗe mini sakamakonsa, ko ta buɗe ita kaɗai ta gyaɗa mini kai. Ta ce a'a. Na ce mutum ne fa yake kwance ba ci ba sha. Ta ce ta ji, amma an yi wa kowane malami alkawari cewa babu wanda zai leƙa nasa saboda sanayya, kuma matarsa tana cikin waɗanda aka yi alkawarin dominsu. Na gaya mata maganganu. Na ce lambobi sun fi mata mutane. Ban san ina da wannan bakin ba.

Ko a jikinta. Ta bari na sauke, sannan ta jawo kujera ta ce in zauna in gaya mata kalma da kalma abin da ya faɗa da ya fito, da abin da ya yi tun daga ranar. Ta saurara kamar yadda take karanta tambaya, ba ta tsallake komai. Da na zo kan hular sai ta cire gilashinta ta daɗe tana goge shi.

Na fito ina jin haushinta, ina kuma jin cewa da ta buɗe mini da ta ragu a idona. Wannan ma wani haushin ne.

Laraba, 1 ga Satumba, da safe

Ya kira Madam Margaret da wayata ya ce ta nemi wani. Ta ce ita ba ta ji ba, layin ba kyau, ta kashe. Allah ya saka wa matar nan.

Ya sha kunu kaɗan. Ya Gana ta turara ɗakin, ta zauna a bakin ƙofa tana yi masa magana da Kanuri a hankali, irin maganar da ake yi wa yaro mai zazzaɓi.

Alhamis, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Kwana biyu Dakta ba ta karɓi kowa ba. Ita da Elnathan sun rufe ƙofa suna tattara amsoshin tambayar nan ta ƙarshe, wato yadda mutum ya ji, ba tare da sunaye ba. Yau ta tara mu.

A ɗakin hagu babu wani abin tashin hankali. A ɗakin dama kuwa, waɗanda suka fito suna cewa sun ji ba su da amfani, yawancinsu daga cikin mafiya ƙwarewa suke. Elnathan ya ce ai wannan shi ne sakamakon da muke nema, in muka cika adadin mutanen da aka tsara zai zama bincike mai ƙarfi da za a karanta ko'ina. Gaskiyarsa ne, shi ma shekara guda ya zuba a ciki.

Dakta ta ce an rufe ɗakin dama daga yau. Kuma duk wanda ya taɓa shiga cikinsa za a je a yi masa bayani a ba shi sakamakonsa, ba sai ƙarshen shekara ba. Elnathan ya ce da zarar magana ta fita binciken ya mutu, domin malaman garin nan duk sun san juna. Ta ce ta sani.

“Na karanta abin da aka rubuta a kan wannan a ƙasashen da aka fara shi,” in ji ta. “A can mutum yakan fito ransa a ɓace, ya je gida ya huce. Na ɗauko tsarinsu na kawo nan ban tsaya na tambayi kaina me mutanenmu suka riga suka ɗauko kafin su zauna a kujerar ba. Kuskurena ne, ba na na'ura ba.”

Ba ta ƙara ba. Ta rubuta wa waɗanda suka ba da izinin binciken a gabanmu, ta sa sunanta ita kaɗai. Ni da na zage ta ranar Litinin na rasa inda zan sa idona.

Asabar, 4 ga Satumba, da hantsi

Dakta da kanta take zuwa. Elnathan ya ce a kira su a waya, ta ce ba a waya aka karya musu gwiwa ba. Ta fara jiya, gida gida, a Keke Napep, cikin ruwan saman nan da taɓon Bolori, da wannan gwiwar tata.

Kuma bisa tsarin ranar da kowa ya zauna jarrabawar take bi. Malam yana can kusa da ƙarshe. Na ce ko za ta fara da shi. Ta ce akwai wata malama da ta yi wata uku tana ɗauke da abin da mijina ya ɗauka na mako ɗaya. A raina na ce wannan mata in ta mutu a jere za ta shiga kabari.

Ta ce yanzu bakina a kwance yake, ina iya yi masa bayani in na ga dama. Na gwada da na dawo. Na ce Malam, na'urar nan in mutum yana ci ƙara masa wuya take yi. Bai juyo ba. Ya ce, “Ke ma kin iya tausayi, Saude.”

Talata, 7 ga Satumba, da azahar

Bai ci ba. Wuta babu. An ji ƙara daga gabas da safe, ba wanda ya ce komai.

Alhamis, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Na raka Dakta gidaje uku yau don riƙe mata lema. Ta iso kan 'yan ranar su Malam, amma shi ne na ƙarshe a jerinsu. A gidan Malam Gambo, dattijon nan mai cewa shan ruwa ne, na ɗauka za ta yi masa kwana-kwana. Ba ta yi ba. Ta gaya masa sauƙin da ya ji alama ce cewa akwai wuraren da ya yi tsatsa, ta lissafa masa su, ta ce ya zo ranar Asabar su zauna tare. Yadda ta faɗa, dattijon har godiya ya yi, ya sa aka kawo mana bandar kifi a leda. Ban san a ina ta koyi faɗar gaskiya ba tare da ta yanka mutum ba. Ni in na faɗi gaskiya sai an yi kwana uku ana gaba.

Talata, 14 ga Satumba, gab da magariba

Dakta ta zo.

Ta yafa mayafi, ta gaida Ya Gana da “Wushe, wushe” da sauran Kanurinta na kasuwa, har tsohuwar ta yi dariya. Malam ya fito don kunya kawai. Na shimfiɗa tabarma, ta ƙi kujera, ta sauka ƙasa da ƙyar tana dafa kafaɗata.

Ta fara da ba shi haƙuri, a taƙaice. Ta ce akwai abin da ya kamata a gaya masa kafin ya zauna, ita ta hana a gaya masa. Ya ce ba komai, matarsa ta riga ta yi masa irin wannan maganar, ya gode da ƙoƙarinsu. Na ga alamar zai tashi.

“Malam, ba lallashinka na zo yi ba,” ta ce. “Tambaya na zo da ita, ta aiki. In kana aji, ka jefa wa yaro tambaya ya cafke nan take, me kake yi?”

“In ba shi wadda ta fi ta.”

“In ya cafke ita ma?”

“In ƙara.”

“Sai yaushe kake ƙyale shi?”

“Sai ya tsaya.”

“To a ajinka, wane yaro ne yake tsayawa a kan tambayar da ta fi kowace wuya?”

Ya dubi tabarma ya daɗe. Na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwarsa kamar yadda suke yi da can in yana lissafi.

Ta fito da ambulan ta ajiye a gabansa. Ta ce in yana so in fita, zan fita. Ya ce in zauna. Ya ce ta faɗa da baki, idonsa ba ya son ƙananan rubutu yanzu.

Ta ce cikin malaman da suka zauna jarrabawar nan tun farkonta, kaɗan ne na'urar ta hau da su inda ta hau da shi. Ni dai a nan numfashina ya dawo. Amma ba ta tsaya ba. Ta ce ya ɗauki lokaci kusan ninki biyu na sauran, kuma akwai wuraren da ya daɗe bai taɓa komai ba, a kan tambayoyin da daga baya ya ci. Ta ce na'urarta lissafi take aunawa, ba ta auna wannan ba, ita kuma ba za ta ce masa ba komai ba ne. Ta ambaci wata likita da ta sani mai ganin irin wannan, ta ce ya je.

Na so in rufe mata baki. Sai na ga fuskarsa. Tun da ya dawo babu wanda ya gaya masa wani abu marar daɗi game da kansa, kuma wannan ne ya sa ya yarda da sauran.

Can ya ɗago ya ce, “Dakta, ni ma ina kai yaro har ya tsaya. Amma ban taɓa barin sa ya tafi gida a haka ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa nake gaya masa dalili.”

Ta ce, “Ka fi ni gaskiya, Malam.” Ba ta kare kanta da ko kalma ɗaya ba.

Bayan na raka ta na dawo, yana nan inda yake. Ya ce, “Ranar da na fito, kin san haka take aiki?”

Na ce na sani.

Ya shiga ɗaki.

Laraba, 15 ga Satumba, da safe

Ya ci, amma daga hannun Ya Gana. Da ni ba ya magana.

Juma'a, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Har yanzu. Na yi niyyar in gaya masa ba alkawarin Dakta kaɗai ya riƙe ni ba, tsoro na ji kada ya zama kansa ya tafi da gaske. Sai na ga wannan ya fi na farkon ciwo. Na bar shi da fushinsa. Mutumin da yake da ƙarfin yin fushi har kwana uku ya fi mini wanda yake ce wa komai to.

A wurin aiki an cire takardar alama da ke manne a ƙofar ɗakin dama. Yanzu kafin kowa ya fara, na'urar tana gaya masa da Hausa da Kanuri cewa in ya ji tana matsa masa, alama ce yana ci. Dakta ta ƙara wani abu a ƙarshe, bayani kafin mutum ya tashi daga kujera. Elnathan ya tambaye ta daga wane littafi ta samo, ta ce daga wani malami a Abbaganaram. Takardar da za ta gabatar a taron ƙasar waje kuwa ta janye ta. Na ga wasiƙar a kan teburinta, ta ɗora gyaɗa a kai.

Lahadi, 19 ga Satumba, da azahar

Madam Margaret ta kira. Ya karɓa ya fita zaure. Ban ji abin da ya ce ba, ban kuma tambaya ba. Gobe ne.

Na zuba gawayi a dutsen guga na goge masa kaya, ban ce don me ba. Ya gani ya wuce.

Litinin, 20 ga Satumba, da sassafe

Ya shirya. Na ɗauko mayafina in raka shi, don tun da ya dawo bai taɓa wuce bakin layi shi kaɗai ba. Ya ce in zauna. Na ce ko zuwa titi ne. Ya ce, “Saude, in kin biyo ni ban tafi ba.”

Sannan a bakin ƙofa, bayansa na gare ni, ya ce ranar Alhamis zai ga likitar nan, in ina da hali in raka shi can.

Na leƙa ta zaure har ya sha kwana.

Litinin ɗin dai, bayan azahar

Ban je aiki ba. Na aika wa Dakta saƙo, ta amsa da kalma ɗaya, ta ce zauna.

Tun safe nake jiran a ƙwanƙwasa ƙofa a ce ga shi an dawo da shi, ko ya shigo da kansa ya cire hula. Na share tsakar gida, na sake sharewa. Ya Gana tana bakin ƙofa da carbi, duk takun da ya wuce sai ta ɗaga kai, kamar waccan shekarar.

An yi azahar, abincinsa ya huce, bai dawo ba. Wannan karon na san inda yake.